Facin Jimrau

Ƙungiyar 'yan keken Maraɗi da ake kira Sannu Ba Ta Hana Zuwa doka ɗaya tak gare ta da ba a wasa da ita. Sauran duk dokokin baki ne. An ce ba a shan taba a hanya, ana sha. An ce da an sallame asuba a hau keke, sai rana ta fito ana neman takalmin wani. Amma dokar ɗan baya ko shugabansu, Mushe Zakari (Mushe ake ce wa malamin boko a can), bai isa ya taɓa ta ba. Kowace rana mutum guda ake ɗaura wa famfon ƙungiya a jikin kekensa tare da 'yar jakar kayan faci, shi ne ɗan baya, kuma ba ya wuce kowa. Wani ya tsaya kama ruwa, ɗan baya ya tsaya. Ƙaya ta huda tayar wani, ɗan baya ya sauka ya jira, ko da sauran sun shiga gari sun ci sun wanke hannu. Famfon ma da gangan aka bar shi guda ɗaya, don Mushe ya ce in kowa ya riƙe nasa kowa zai zama sarkin kansa, a watse cikin daji.

Shekara-shekara suke fita, da an ba da hutun lakwal, wato makarantar boko, na shigar bazara, saboda yawancinsu malamai ne, ba su da wani lokacin. Mai hankali ba ya zaɓar wannan zafi don yawo, amma ai ban ce muku masu hankali ne ba. Su tashi daga Maraɗi su bi ta Kornaka da Dakoro, su karkata Tagiris, su faɗa Tanut, su gangaro Damagaram, su dawo gida ta Tasawa, kwana goma sha huɗu cur. Ba sa ɗaukar tukunya. Inda rana ta yi musu zafi nan ne gidansu. A yi sallama ƙofar mai gari, kafin a gama jingine kekuna an shimfiɗa tabarma, ga ruwan randa, ga fura, wani lokaci har a kama kaza. Tsofaffi su zagaye waɗannan ƙatti masu matsattsun wanduna suna kallo, ƙarshe wani ya daure ya tambaya, "To wai mi ya koro ku?" In an ce ba komai, yawo ne kawai, sai a yi shiru irin na tausayi, a ƙaro musu fura. Su kwana cikin ajin lakwal, kowa ya wanke rigarsa guda ya shanya kan kekensa, a kwanta rub da ciki saboda sirdi ya gama da mazaunai.

Yazidu tela ne a kasuwar Maraɗi, shi kaɗai ne cikinsu ba ya riƙe alli. Shekara uku ke nan rabonsa da yin ɗan baya. In layi ya zo kansa sai ya dafe gwiwa ya ɓata fuska, a tsallake shi. Ana ƙyale shi ne saboda kowa ya san shi ne ɗan baya ranar da aka rasa Jimrau, amininsa, wanda suka shiga ƙungiya tare, suke ci kwano ɗaya. Abin da ba wanda ya sani shi ne tun daga ranar nan, duk sa'ad da Yazidu ya hau keke, yana jin wani abu a bayansa. Ƙarar taya ce mara iska, ɓat, ɓat, ɓat, tana tauna ƙasa a hankali, da takun mutum a gefenta yana turawa. In ya taka da ƙarfi tana nan, in ya tsaya ta tsaya. Muddin akwai mai rai a bayansa takan yi nisa, har wani lokaci ya manta da ita, shi ya sa kullum yake cusa kansa tsakiyar ayari. Ya sha rubutu, ya yi sadakar waina ta Juma'a bakwai, ƙarar ba ta fasa ba.

A bana, safiyar kwana na biyu, suna harabar lakwal ɗin Kornaka ana shan shayi a tsaitsaye, Mushe Zakari ya nufo shi da famfon a hannu.

"Yazidu, yau kai ne."

"Mushe, gwiwar nan hwa..."

"Gwiwar da ka tsere ma kowa da ita jiya gaban Sabon Mashi? Shekara ukku muna ɗauke maka, ya isa. Kuma yau gidan Baba Arzika za mu ci. In ya ga ka koma daidai, shi ma ya ji sanyi."

Ya miƙa masa famfon ya juya. Yazidu ya tsuguna yana ɗaure shi da roba.

Baba Arzika shi ne mahaifin Jimrau. Tsohon mai facin keke ne, shekara arba'in yana bin kasuwannin yankin da kayan aikinsa, yanzu ya zauna a ƙauyensu, Gidan Ɗangoggo. Kafin a kai ƙauyen sai an saki babbar hanya a Ajekoriya, a shiga wata 'yar turba mai rairayi da ƙaya, tafiyar kilomita goma sha takwas ba gari ba rijiya, daga can kuma a ɓulle Dakoro da yamma. Jimrau ne ya jawo ƙungiya ta wannan turba, don kawai abokansa su sha furar innarsa.

Ga abin da ya faru shekara uku baya, yadda Yazidu kaɗai ya san shi. Rana ta take tsaka, iska kamar daga bakin murhu, gorarsa ta ƙare tun kafin rabin turba. Ya iske Jimrau gindin wata aduwa ya kifa keke, ya zaro robar ciki yana kankare wurin huji da nasa kayan facin, don ɗan mai faci ba ya tafiya hannu sake. Yazidu ya sauka kamar yadda doka ta ce. Jimrau ya dubi leɓensa da suka bushe, ya miƙo masa tasa gorar.

"Shanye. Nan ƙasarmu ce, kai ne baƙo."

Ya shanye tas. Jimrau ya ce, "Tahi abinka, kak ka gasu a banza. Yanzu in cim maka."

Magana ce irin wadda ake faɗa don kara, kamar mai cin tuwo ya ce bismilla. Mai jin ta ya san ba karɓa ake yi ba. Yazidu ya karɓa. Kansa na sarawa, idonsa ba ya ganin komai sai inuwar rumfa da ƙwaryar fura, ya haye keke ya wuce. Sai da ya isa ƙofar gidan Baba Arzika, ya zo jingine keke, gwiwarsa ta bugi famfon. Nan ya tuna abin da ya taho da shi.

Da a lokacin ya buɗe baki, da labarin ya ƙare da dariya da ɗan zagi. Amma Mushe ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Ɗan baya ya iso, kowa ya cika ke nan. Ina Jimrau?" Mutum goma suka zuba masa ido, ga tsohon tsaye da buta. Kunyar a ce ya karya dokar da ba a taɓa karyawa ba ta shaƙe shi, ya ji bakinsa yana cewa, "Ban gan shi ba. Ƙila ya yanke ta wata hanya." Kowa ya yarda, ɗan gari ai ya san lungunan dajinsu. Aka sha fura, aka yi sallar azahar, aka miƙe ƙafa. Yazidu na ta gaya wa kansa Jimrau zai turo keken ya iso, ko wani mai amalanke ya ɗauko shi. Ba a fita nema ba sai bayan la'asar. Shi kuwa Jimrau, da ya ga ba iska ba ruwa, ya saki turba ya yanki daji zuwa wata tsohuwar rijiya da ya sani, ya iske ta ƙafe. Washegari da hantsi wani makiyayi ya gan shi kwance kusa da ita, keken na gefensa. Jandarma suka zo suka duba, aka ce zafin rana ne, kwana ya ƙare.

A wurin gaisuwa tsohon ya roƙi abu guda, kada ƙungiya ta daina biyowa ta gidansa. Suka ci gaba da zuwa. Kuma kowace shekara in an kawo kaza, Baba Arzika da hannunsa yake tsamo hanta da ƙundu ya ajiye gaban Yazidu, ya ce, "Ci, rabon abokinka ne." Bai taɓa kiran sunan ɗan ba, ɗan fari ne. Yazidu ya ci wannan hanta sau biyu, kuma da za a ba shi zaɓi tsakaninta da garwashi da ya ɗauki garwashin.

Yau ga shi kuma a bayan kowa. Daga Kornaka zuwa Ajekoriya abin da sauƙi, akwai motoci, akwai masu babur, akwai mata da jakuna. Sun tsaya wata bukka an ba su ruwa, wata tsohuwa ta cusa musu ƙuli-ƙuli cikin aljihu tana faɗan wai iyayensu ba su da tausayi. Da suka saki babbar hanya suka shiga turba, ayari ya miƙe ya yi tsawo, na gaba suka zama ɗigo-ɗigo cikin hasken rana. Sai ga ta. Ɓat, ɓat, ɓat. Bai taɓa jin ta kusa haka ba, har yana jin numfashin mai turawa, irin na wanda maƙogwaronsa ya bushe. Tsigar jikinsa ta tashi cikin wannan zafi. Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa, ya ƙura wa tayar gabansa ido, ya ƙi waiwaye. Da ya zo daidai aduwar nan, tana nan yadda take, ya runtse ido ya wuce ta. Tsoro yake ji, amma abin da ya fi tsoron yawa shi ne tausayi, don ko ba a gaya masa ba ya san mai takun nan ya gaji.

Shi ya shiga Gidan Ɗangoggo a ƙarshe. An riga an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfar kara, Inna Zuhura, mahaifiyar Jimrau, ta aiko da fura cikin babbar ƙwarya, ta sha nono har tana kauri. Baba Arzika ya taso ya tare shi, ya riƙe masa kan keke kamar yadda ake riƙe wa baƙo linzami. Idonsa ya sauka kan famfon, ya daɗe a wurin.

"Sannu da rana, ɗana. Yau kai ne baya?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla."

Aka sha fura, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da kaza biyu. Malamai suka buɗe ciki, ana tsokanar wani da ya faɗi cikin ƙarangiya yana ta tsince ta daga wando. Tsohon ya tsamo hanta da ƙundu ya ajiye gaban Yazidu. Yazidu ya sa a baki ya yi ta taunawa, abu ya ƙi wucewa, sai da ya kora da ruwa.

Bayan azahar, sauran sun baje ƙarƙashin rumfa ana jiran rana ta yi sanyi, Baba Arzika ya taɓa kafaɗarsa.

"Kwanto hwamhon nan ka biyo ni."

Ya kai shi wani ɗan ɗaki a bayan gida inda yake ajiye kayan aikinsa. Keken Jimrau na rataye a bango, baƙi, dogo, an goge shi, sarƙarsa na sheƙi da mai. Tayar baya ce kawai a lotse. Tsohon ya sauko da shi ya tsayar tsakiyar ɗaki.

"Ba shi iska."

Yazidu ya dubi bango. Famfo uku ne jere a kan ƙusa, na tsohon.

"Na san da su," in ji Baba Arzika. "Da wanga nike so. Shekara ukku ina jiran ranar da za ka shigo mani gida da shi."

Ya durƙusa ya ɗaura bakin famfon. Ya fara bugawa. A ransa yana roƙon Allah tayar ta ƙi tashi, a ce facin bai kama ba, a ce ko da ya tsaya ranar nan ba abin da zai sake. Bugu goma, ta motsa. Bugu talatin, ta ɗago daga ƙasa. Ya ci gaba har ta yi tauri, ya cire famfon. Suka yi shiru su biyu suna saurare, ko za a ji iska na fita. Ba a ji komai ba sai kukan kurciya a waje.

Tsohon ya danna tayar da babban yatsa.

"Ka gani. Ran da aka kawo shi na buɗe na duba. Ya kankare, ya shahwa, ya liƙa, ya maida roba cikin taya, ya ɗaura. Ni na koya mai, bai taɓa yin aikin da ya saki ba. Iska kaɗai ya rasa. Kuma mutum ba shi zama ya yi wanga aiki duka sai bakin turba, inda ya san mai hwamho na tahe."

Yazidu bai tashi daga durƙuson ba. Maganar da ya riƙe shekara uku ta fito da kanta, ba tsari.

"Na gan shi, Baba. Gindin aduwa. Na sauka, ya ce in tahi, na tahi. Na mance shina jikin kekena. Da na tuna na ji kunya, na ce ban gan shi ba." Ya sunkuyar da kai. "Ruwanshi ma ni na shanye. Shi ya ba ni."

Tsohon ya dafe sirdi.

"Wannan ban sani ba," ya ce a hankali. "Mi ya ce da ya ba ka?"

"Ya ce nan ƙasarku ce, ni ne baƙo."

Baba Arzika ya juya fuska wajen bango. Da ya juyo idonsa ya yi ja.

"Ya yi daidai. Haka aka koya mai." Ya share fuska da hannun riga. "Wucewar da ka yi, rana ce, na san abin da rana ka sa mutum. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne ka zamna bisa tabarmata ka sha hura, ina tsaye da buta, ka ce ba ka gan shi ba. Da ka hwaɗa da azahar, jakina na ɗaure, amalanke na ƙohwar gida."

"Ka yahe mani, Baba."

"Ina ƙoƙari. Duk shekara in na miƙa maka hantar nan, ƙoƙarin ke nan nike yi. Wata shekara ta hi wata sauƙi."

Yazidu ya kifa kai a kan tayar ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Tsohon bai rarrashe shi ba, bai kuma fita ya bar shi ba. Da ya lafa, ya tura masa keken.

"Wanga keke tahiya ya hito, bai ƙare ta ba. Bar naka nan. Ka kai shi Dakoro, ka zagaya da shi duk inda za ku, baɗi ka maido mani."

Da la'asar sakaliya aka yi haramar tashi. Inna Zuhura ta aiko da ƙullin fura da dafaffen ƙwai na hanya, aka yi godiya, aka yi addu'a. Da malamai suka ga keken da Yazidu ya turo daga bayan gida, surutu ya ɗauke. Yazidu ya ɗaure famfon a jikin baƙin keken. Jimrau dogo ne, sirdin ya yi wa Yazidu sama, ya kai hannu zai sauke shi sai ya fasa. Ya hau haka nan, yatsun ƙafarsa kaɗai ke kai wa feda.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, shi a ƙarshe. Da gidajen ƙauyen suka ɓace a baya, na gabansa ya yi nisa, ya kasa kunne. Ƙarar tayar babu ita. Ya ji kamar an sauke masa buhun hatsi daga ka, har ya fara hamdala. Sai ya ji takun. Yana nan, shi kaɗai yanzu, takun mutum a cikin rairayi ba ya tura komai, yana biye da shi a sannu.

Ƙafarsa ta nemi ta taka da ƙarfi kamar yadda ta saba. Ya hana ta. Ya ja birki, ya sauka, ya janye keken gefen turba, ya tsaya kansa a ƙasa. Takun ya matso. Ya zo daidai shi, har ya ji gashin hannunsa ya miƙe, ya ɗan dakata, sannan ya wuce gaba, wajen Dakoro. Yazidu ya jira har ya daina jin sa sosai kafin ya hau, ya bi a hankali don kada ya cim masa.

Ana kiran magariba ya shiga Dakoro. Mushe Zakari na tsaye bakin gari shi kaɗai, riƙe da kekensa, ransa a ɓace.

"Tun ɗazu kowa ya iso. Mi ya tsai da kai, ko taya ce?"

"Taya lahiya lau take, Mushe," in ji Yazidu. "Akwai wanda na jira."